Sanyin Hawa na Shida

Masu karatu, kafin ku yanke min hukunci ku bari na fara gaya muku aikina, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane yadda aka yi na tsinci kaina a wannan hali ba.

Gine-gine nake aunawa. Ba tsayinsu ba, wutar da suke sha. Idan mai manyan gine-gine, irin masu ofisoshi da shaguna ɗin nan, yana son ya san wanne ne ke shan wuta da hankali wanne ne ke kwankwaɗa, kamfaninmu yake kira. Ba a duba mita kawai a ce wannan ya fi sha, don babban gida dole ya fi ƙarami ci. Wasu 'yan na'urori muke maƙalawa a jikin manyan wayoyin kowane hawa, su yi ta ajiye labarin duk wutar da ta wuce. Daga baya mu raba ta da faɗin ginin, mu duba tsawon lokacin da yake a buɗe da yawan mutanen da ke ciki, sannan mu jera gine-ginen daga gwani zuwa na ƙarshe. Duk wannan bayanin na sha yi wa Umma, amma har gobe in ƙawayenta sun tambaya cewa take, "Mai karanta mita ce, sai dai da digiri."

Shugabata, wadda duk ofis muke ce wa Madam, mace ce da ba ta san wasa ba. Ita ta kira ni ta ɗora min gine-gine biyar na kamfani ɗaya, aikin farko da aka taɓa ba ni ni kaɗai, babu wani babba a kaina. Saura kaɗan na rungume ta, amma da na kalli fuskarta sai na rungume fayil ɗin.

Ta ce, "Ki saurara. Masu ginin sun ce duk wanda ya zo na ƙarshe, manajansa zai tattara nasa ya nasa. Abincin mutum ne a hannunki, ki auna da tsoron Allah."

Da na kai labari gida da murnata, Umma ko ɗago kai ba ta yi daga ɗinkin da take ba. Ta ce, "Madalla. In kin gama auna gini biyar, ki auno mana miji ɗaya. Abbanku ya fara tambayata, ni kuma amsoshina sun ƙare."

Yaya, wadda ta dawo gida na ɗan lokaci saboda mijinta ya tafi kwas, ta tuntsire da dariya daga kan kujera. Tun dawowarta muke ɗaki ɗaya kamar dā, kayanta sun cinye rabin durowata, bakinta kuma ya cinye min sauran zaman lafiya.

To, sai na je gini na uku.

Manajan dogo ne siriri, farar riga hannu a naɗe, da tarin makullai a ƙugu da ke sanar da zuwansa tun daga nesa. 'Yan hayar ginin "A Kashe" suke kiransa, saboda bin bayan mutane yake yana kashe duk fitilar da aka bari. Ranar farko ina tsaka da yi masa bayanin aikina, kawai ya miƙa hannu ta saman kaina ya kashe ƙwan da ke haska mu.

"Akwai taga," in ji shi.

Na ɗaure fuska don a san ni injiniya ce, amma a raina na ce wannan ko ban auna ba shi ne na ɗaya. Shi ya riƙe min tsani na maƙala na'urorin, hawa bayan hawa, yana kau da kai duk lokacin da na ɗaga ƙafa. Da yake gininsa ne a tsakiyar sauran huɗun, sai ya ce in ina so ya ba ni wurin zama a hawa na shida, wanda babu ɗan haya ko ɗaya a ciki. Fili ne fetal, gilasai ta ko'ina, ya sa min tebur da kujera a lungu ya goge su da hankicinsa.

Ku hango ni a ranar: doguwar riga, rigar aiki mai ƙyalli a sama, hular kwano a kan gyale, takalmi mai ƙarfe a baki, rana kuma ta doki gilasan nan. Na ja fayil ina fifita na ce, "Wash, zafi." Da kaina nake magana, ban ma san yana bakin ƙofa ba.

Zuwana na gaba na tarar da wurin da sanyi har sai da na ja gyale na rufe kafaɗa. Na ce Allah ya yi wa mai gyaran esi albarka, na buɗe kwamfuta na ci gaba da aikina.

Lambarsa kuwa da "Gini na Uku" na ajiye ta, saboda na san da wa nake ɗaki ɗaya. Saƙon farko da ya kauce wa aiki ga yadda ya zo:

"Injiniya, kin isa gida lafiya?"

"Lafiya lau. Akwai matsala a mita ne?"

"Mita lafiyarta ƙalau. Manajan ne dai."

Na karanta shi a tsaye, na karanta a zaune, na shiga banɗaki na sake karantawa ina kallon kaina a madubi kamar wata taɓaɓɓiya. Daga nan hira ta ɓalle. Ya ba ni labarin mahaifiyarsa da yake riƙe da ita, na ba shi labarin Umma da mitarta. Kuma kusan kullum da yamma sai ya tambaya, "Gobe kina tafe?" In na ce a'a ya turo fuskar tausayi, in na ce eh ya ce, "To madalla." Ba ni da tsayayyun ranakun zuwa, duk ranar da aiki ya bi da ni ta can ne, sai dai in faɗa muku gaskiya aiki ya riƙa yawan bi da ni ta can.

Wata safiya ina wanka wayar ta yi ƙara a kan gado. Ina fitowa na ga Yaya riƙe da ita tana yi min kallon tara saura kwata.

"Ke, tun yaushe gini ya fara tambayar ko mutum ya karya?"

"Yaya, ba ni wayata."

"Hawa nawa ne shi ginin? Yana da gemu?"

Na fizge wayar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tun daga ranar duk safiyar da ta ga na buɗe ɓangarenta na durowa sai ta ce, "A gaida gini." Ni kuwa kunya ba ta hana ni ba. Gyalenta mai ruwan zuma, turarenta da take ɓoyewa a bayan akwati, agogonta, duk sun ziyarci hawa na shida.

Wata ranar Asabar da hantsi na zauna haɗa lissafi. Ina kan kafet, kwamfuta a kan filo, Yaya na gado tana ninke kaya. Na zuba awon gine-ginen duka, na raba kowanne da faɗinsa, na gyara na lokacin buɗewa, na danna a jera min su. Har na fara shirya saƙon taya murna a raina.

Gini na uku ne na ƙarshe. Ba ma kusa da na huɗun ba, can ƙasa shi kaɗai.

Na ce kuskure ne, na sake duba faɗin ginin, daidai. Na sake duba lokutan, daidai. Na buɗe zanen shan wutar ginin hawa-hawa. Daga na ɗaya zuwa na biyar abin sha'awa, da su kaɗai ne da babu mai kamo shi. Da na buɗe na shida sai na ga layin yana kwance shiru kamar yadda ya dace da wurin da ba kowa, can kuma ya miƙe tsaye ya kusa fasa saman allon, ya kwanta, ya sake miƙewa. Wasu ranaku kaɗai, babu tsari.

"Satar wuta ake masa," na faɗa a fili. "Ko kuma na'urar ce ta lalace. Yaya, za su kore shi."

Yaya ta ajiye zanin da ke hannunta ta leƙo ta kafaɗata. Ba ta san komai a kan lantarki ba, ranakun da ke ƙasan zanen kawai ta tsaya karantawa. Ta sa farce a kan tsini ɗaya.

"Wannan Talatar ba ita ce kika fita da gyalena kika dawo min da shi da baƙin mai ba?"

"Yaya, don Allah ba lokacin wannan ba ne."

"Tsaya mana. Wannan kuma ranar da na nemi agogona na rasa. Wannan ranar turare ce, ban manta ba don har zagin ki na yi a raina." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ba ta da ƙorafinsa. Sai ta juyo ta kalle ni. "Ƙanwata, duk ranar da kika yi kwalliya ginin nan sai ya sha wuta."

Na tuna sanyin nan. Na tuna "Gobe kina tafe?"

Jama'a, na zame na kwanta a kan kafet na rufe fuska da filo. Mutumin da ke kashe ƙwai ɗaya saboda akwai taga, shi ne yake sanyaya hawa guda sukutum saboda na ce wash. Daɗi ya cika ni har yatsun ƙafata, na yi ta shure-shure ina dariya, Yaya na dukana da zani tana cewa in tashi kar Umma ta ɗauka aljanu ne. Ban taɓa jin an so ni irin haka ba, kuma ga shi a zane, da awo, ba mai iya musawa.

Dariyar ba ta daɗe ba ta ɗauke. Wannan zanen da nake runguma shi ne takardar korarsa, kuma da hannuna zan miƙa. Ga mahaifiyarsa. Ga Abba, wanda ko mijin Yaya da aikinsa da komai sai da ya sha tambayoyi kamar mai neman biza.

Ranar Lahadi da yamma saƙon ya shigo kamar kullum. Na amsa, "Ina tafe." Sai dai ban gaya masa da sassafe zan zo ba.

Ban tsaya a hawa na shida ba, na wuce har rufin ginin, inda manyan injinan sanyi suke. Tun daga matakala na ji ƙugin ɗaya daga cikinsu ya tashi. Ina tura ƙofa na gan shi tsaye gaban wani ƙaton inji, yatsansa bai ma bar maɓallin ba. Ya juyo ya gan ni, ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Injiniya. Kin yi sammako."

"Wannan injin na wane hawa ne?"

"Na shida."

"Wa ke haya a na shida?"

Ya kalli takalminsa. "Kin ce zafi."

"Sau ɗaya na faɗa, kuma ba da kai nake ba."

"Na ji dai."

Na danne murmushin da ke neman tona min asiri. Ya yi min bayani yana sosa ƙeya, wai hawan inji ɗaya gare shi, ba ya iya sanyaya lungu ɗaya sai dai duka, kuma da yake gilasai sun yi yawa sai an tashe shi tun da safe kafin wurin ya ɗauka.

"Ka manta na maƙala na'ura a wayar hawan nan? Kai fa ka riƙe min tsani."

"Ban manta ba. Na yi lissafi. Na rage fitilun baranda, na tsayar da lif ɗaya da rana, na ce zai cike."

"Fitilun baranda ne za su cike cikin wannan dodon?"

"Lissafin ya ɗan kuɓuce min."

"Fanka fa? Fanka ɗaya ta ishe ni."

"Za ta watsa miki takardu," ya ce a hankali, amma daga ganin fuskarsa tunanin fanka bai taɓa zuwar masa ba sai yanzu.

Na buɗe kwamfuta a kan wani akwatin ƙarfe na nuna masa jerin. Ya bi shi da ido daga sama har ƙasa, inda sunan gininsa yake. Shekaru yana bin fitilu yana shan baƙin jini wurin 'yan haya, ga inda ya ƙare.

"Zan iya cire ranakun nan," na ce. "Ba wanda zai sani."

"Kar ki taɓa. Wutar an sha ta, kuma ni na kunna." Ya miƙa hannu ya kashe injin, rufin ya yi tsit. "In kin goge, wani manajan ne zai koma ƙarshe, shi kuma bai yi komai ba. Ki kai yadda yake."

Wallahi da a ce ya roƙe ni in goge, da na samu abin da zan riƙe na rage son sa. Sai ga shi ya ƙara min.

Daga can, ofis na wuce kai tsaye. Na ajiye wa Madam kwamfutar, na nuna mata jerin, na nuna mata hawa na shida, sannan na gaya mata wanda ke zama a hawan a waɗannan ranakun. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake kallon zanen.

"Wato mai awo ce ta shanye wutar."

"Eh, Madam."

"Ke da aka koya wa kar ki bar ko cajar waya a ginin da kike aunawa, kika zauna cikin sanyi ba ki tambayi daga ina yake zuwa ba."

Ta haɗe yatsunta a kan tebur.

"Hanya biyu ce. Ko rahoto ya tafi yadda yake, don awon bai yi ƙarya ba, sunanki a kai, aikinki ya yi kyau. Ko kuma ki rubuta da hannunki cewa zamanki a ginin ya ɓata awon, a sake na gini na uku daga farko. In kin zaɓi wannan, na cire ki daga aikin gaba ɗaya, wani zai ƙarasa, sunansa zai hau. Ba za ki sake riƙe aiki ke kaɗai ba sai ranar da na ga hankalinki ya dawo. Kuma ko an sake awon, masu ginin za su ji cewa manajansu ya sanyaya kango, ban yi miki alkawarin za su bar shi ba. Ki je gida ki yi tuna..."

"Ara min biro, Madam."

Ta tsaya tana kallona. Ni kaina sai da na ji mamakin bakina. Aikin da na yi shekaru ina jira, wanda na yi wa Umma gorin sa, ko numfashi ban ja ba na sake shi. Na rubuta, na sa hannu, na tura mata. Ta karanta ta girgiza kai.

"Ke da shi jirgi ɗaya ya kwaso ku. Tashi ki ba ni wuri. Kuma kar na ji ƙafarki ta taka ginin nan har a gama."

A mota na yi ɗan kukana, don na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma kafin na iso layinmu kukan ya rikiɗe ya koma wani abu daban, har mai kayan miya na bakin titi ya bi ni da kallo.

Na shiga gida bayan la'asar. Umma na kicin ina jin ƙarar tukwane, Yaya ba ta nan, Abba na kwance a doguwar kujerar falo da jarida a kan fuska, numfashinsa na tafiya a hankali. Na zauna a ƙasa daga gefe, na kira Gini na Uku, na sa a lasifika ƙasa-ƙasa na ajiye a kan kafet don hannuwana na kwance igiyar takalmi.

Na gaya masa komai cikin raɗa.

"Kin bar aikinki?"

"Za a sake maka awo. Kar ka kuskura ka kunna ko tocila."

"Injiniya, aikinki na farko fa."

"Kai ma ai naka ka jefar saboda na ce wash."

Na ji ya sauke numfashi. "Yanzu ba za ki sake zuwa ginin ba ke nan."

"An hana ni."

"To ni ba zan iya jira a gama awo ba. Ban san ko ina da aiki ko ba ni da shi ba, amma gara Abba ya ji daga bakina. Ki tambayar min shi yaushe zan zo."

Jaridar ta motsa. Wani hannu ya fito daga ƙarƙashinta ya miƙo wajena, tafi a buɗe.

Na daskare da takalmi ɗaya a hannu. Abba ya zame jaridar daga fuskarsa, idonsa tar, babu alamar ya taɓa yin barci. Ya kaɗa yatsu. Na ɗora masa wayar.

"Kai ne ka ja aka cire 'yata daga aikinta?"

Muryar ta fito 'yar ƙarama. "Ni ne, Abba."

"Kuma kai ma naka yana lilo."

"Haka ne, Abba."

"To ka zo gobe da yamma ka yi min bayani. Ina son na ga mutumin da ido." Ya kashe wayar ya miƙo min. Ƙarar tukwane ta daina a kicin, na san Umma na bayan labule tun tuni.

Abba ya dube ni daga sama har ƙasa, hular kwano a cinya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

"Ke kuma an kore ki daga aiki, ki ɗan rufe haƙoran nan mana."

Na sa hannu biyu na toshe bakina, amma ya ƙi rufuwa.